Ƙyauren Alƙalawa

Akwai wata ƙusa a jikin ƙofar gidana ta waje, daidai kafaɗar mutum. Ba ni na kafa ta ba. Magini ne ya buga ta don ya riƙa rataye rigarsa lokacin da ake ginin, ya gama ya tafi ya bar ta, ni kuma ban taɓa samun dalilin cire ta ba. Shekara huɗu cur, duk Litinin da Juma'a, in na buɗe ƙofa da hantsi sai in tarar da ƙunshin zogale a rataye a jikinta, ɗanye shar, an ɗaure shi da kaba. Mai kawowa ba ya sallama. Na san shi, ya san na sani, kuma dukanmu mun san abin da na yi masa.

Ni malamin lakwal ne, ko in ce na taɓa zama. Shekara talatin da ƴan kai na yi ina koyar da tarihi da labarin ƙasa. Yau in na ratsa Sabon Gari, unguwarmu a nan Maraɗi, sai in ji an ƙwala "Mushe!" daga kan moto, kafin in waiga mai babur ɗin ya yi nisa. Haka ake kiran malamin lakwal a nan, kalmar Faransanci ce. Rabin garin nan ya zauna a gabana, amma babu mai lokacin tsayawa. Ban ga laifinsu ba. Ni da kaina na koya musu tsoron makara.

Farkon aikina Tibiri aka tura ni, ina saurayi, da akwati guda wanda littattafan cikinsa suka fi tufafin yawa. Wani dattijo ya ba ni ɗaki a gefen zaurensa. Ɗansa na fari sa'ana ne, manomi, mai zanen Gobir a kumatu. Ranar da na sauka ya ɗaga akwatin ya ji nauyinsa, ya ce, "Wanga duk karatu ne? To mi za ka ci?" Tun daga ranar yake ce mini Mushe, ni kuma ina ce masa Bagobiri, har muka yi furfura ba mu sake wa juna suna ba.

Abotarmu a kan tsiya aka gina ta. Ni Bakatsinen Maraɗi ne, kakanninmu gudun yaƙi ne ya fito da su daga Katsina. Shi ma kakanninsa gudun yaƙi ne ya raba su da birninsu Alƙalawa, suka yi shekaru suna yawo kafin su kafa Tibiri. Mutane biyu da aka kora daga gida ba sa rasa abin yi wa juna gori. Yakan ce, "Ku Katsinawa, an kore ku daga Katsina kunka zauna cikin kwari, ruwa ya zo ya kore ku kuma. Saura iska." Ni kuma in ce masa su Gobirawa wajen gudu ne suka faɗi kaza ta yi musu tono a fuska. Sai ya shafa kumatunsa ya ce ai kazar ma ta sarki ce.

Maganar ruwan da yake yi gaskiya ce, kuma darasin da na fi so a aji ke nan. Tsohon Maraɗi a ƙasa yake, a kwarin Gulbi. Wata damina ruwa ya ci garin, aka ɗauke shi aka mai da shi kan tudu, inda yake yanzu. Mahaifiyata tana budurwa lokacin. Ta ce da tukunya a ka ta fito, da kaza a hammata, sai da suka hau tudu ta tuna ta bar awarwaronta. Da aka yanka musu filaye a sabon wuri, tituna a miƙe kamar layin kaye, littafin rubutun ƴan lakwal, tsofaffi suka riƙa ɓata, don kowace kwana kamar ƴar'uwarta take. Duk shekara nakan kai ɗalibaina bakin tudu in nuna musu gonakin da ke ƙasa, in ce, "Ga inda gari yake da." In mun koma aji in rubuta musu darasin a tablo: kada a yi gini a hanyar ruwa. Wanda ya maimaita mini haka ranar jarrabawa ya ci maki. Na ɗauka iyakar abin da ke cikin labarin ke nan.

Su Bagobiri suna da nasu labarin, kuma nasu ana taɓa shi da hannu. Ƙyauren zaurensu ne: katon katako baƙi, mai nauyi, an lulluɓe ƙasansa da ƙarfe. A faɗar gidan, ranar da Alƙalawa ta faɗi, kakan kakansu bai ɗauki hatsi ba, bai ɗauki tufa ba. Ƙyauren ya cire ya ɗora wa takarkari, ya ce duk inda aka kafa wannan, nan ne gida. A shekarun yawo ƙyauren ya zama gada a kan rafi, ya zama gadon haihuwa, ya zama makara, ya zama garkuwa. Akwai ramuka a jikinsa da ake cewa na kibiya ne. Da na zo Tibiri kibiya ɗaya ce. Kafin in yi ritaya ta kai uku. Bagobiri ya gaji labarin daga mahaifinsa, kuma ya fi shi iya ba da shi. Yana tashi tsaye, yana kwaikwayon tafiyar takarkari, har sai mai saurare ya ji nauyin katakon a wuyansa.

A makona na farko a gidan na durƙusa ina ɗaure takalmi a bakin zaure, sai idona ya faɗa kan ƙarfen da ke ƙasan ƙyauren. Akwai rubutu a jikinsa, a kife, tsatsa ta kusa cinye shi. Na karkata kai na karanta: PÉTROLE. Ƙarfen tano ne, irin gangar da Turawa ke kawo kananzir a ciki. Na ɗaure takalmina na tafi aji. Shekara arba'in na riƙe wannan kalmar a bakina, kuma ina jin ita ce babbar kyautar da na taɓa yi wa wani mutum, ko da yake bai san na yi ba.

Daga baya aka mai da ni Maraɗi, na yi aure, na gina gidan nan. Shi kuma ya auri ƴar Jiratawa wadda ta gaji fili a lambunan ban ruwa, ya zama rabin mako yana can yana noman zogale, rabi yana Tibiri. Gidana ya faɗo a tsakiyar hanyarsa. Litinin da Juma'a, ranakun kasuwa, yakan biyo da sassafe ya miƙa wa maiɗakina ƙunshinta, ya wuce ya sayar da sauran, ya dawo bayan azahar. Ita ta riga ta yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Mu ci, mu sha shayi, mu sake yaƙe-yaƙen kakanninmu daga farko, har la'asar ta raba mu. Ƴaƴana suka girma suna ce masa Baba na Tibiri. Da suka watse, ɗaya Yamai, ɗaya Damagaram, macen kuma Kano, sai mako ya zama kwana biyu gare ni, sauran biyar jiran su ne.

Ranar da na yi ɓarnar, ranar farin ciki ce. Autarsa, wadda ta yi karatun unguwar zoma, ta daidaita da wani yaro ɗan gidan Alhazai na unguwar Zariya a nan Maraɗi, masu fataucin yadi da hatsi tsakanin nan da Najeriya. Aka sa ranar da manyansu za su zo gaisuwa, Bagobiri ya ce lalle in je in zauna kusa da shi. "Su suna da Alhazai," in ji shi, "ni ma in nuna ina da mai tabarau."

Suka zo da motoci huɗu, suka cika lungun har jaki ba ya iya wucewa. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Shaddar jikinsu tana ƙara in sun motsa. Mutanen kirki ne, ba su nuna raini ba, sai dai idon mutum ba ya iya ƙin ganin bangon laka da rufin azara. Bayan an gaisa an yi addu'a, babbansu ya dafa ƙyauren ya ce, "Kai, wannan katako ya ga zamani." Bagobiri ya miƙe. Ban taɓa jin ya ba da labarin kamar ranar ba. Takarkarin ya yi tafiya a cikin zauren nan, rafi ya kawo, kibau suka sauka. Na ga Alhazan sun gyara zama. Na ga sun fara duban bangon lakar da wani ido daban.

Da ya gama, sai babban Alhajin ya juyo gare ni. Ya ce, "Mushe, kai ne masanin tarihi. Ashe haka abin yake?"

Wanda bai yi aikin koyarwa ba, ba zai gane abin da ya same ni ba. Shekara talatin in an yi tambaya ni ke da amsa, kuma ban taɓa barin kuskure ya kwana a tablo ba. Bakina ya buɗe da kansa. Na ce gudun Gobirawa daga Alƙalawa tabbas ne, yana cikin littattafai. Da na tsaya nan, da yau ba ni da abin rubutawa. Sai na gyara tabarau na ƙara da cewa, shi dai ƙarfen ƙasan nan na tanon kananzir ne, ga rubutun Faransanci a jikinsa, don haka ba zai wuce zamanin Turawa ba, kuma ƙusoshin ma na kanti ne. Har tashi na yi na nuna musu da yatsa, harafi bayan harafi.

Ɗaya daga cikin ƙananan Alhazan ya durƙusa ya duba, ya yi dariya, ya kama bakinsa. Babban ya ce, "Allah Sarki," ya ɗauko zancen damina. Bagobiri ma ya yi dariya, ya ce, "Kun ga illar ajiye Bakatsine a gida." Aka ci abinci, aka rabu lafiya. Ya raka ni har bakin kwalta, ya tsayar mini da ɗan kabu-kabu, ya ce in gaida gida. A hanya har ina jin daɗin yadda na yi bayanin a taƙaice.

Da na ba maiɗakina labari, sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta. Ta ce, "Malam, tambayarka aka yi, amma ba amsa ake nema ba. Cewa aka yi ka sa albarka." Na ce ai ban yi ƙarya ba. Ta ce, "Wa ya ce ka yi ƙarya? Gobe ka shirya ka koma Tibiri." Na ce sai ya zo ranar Litinin mu yi magana.

Litinin ta zo, zogale ya zo, mutum bai shigo ba.

An yi bikin, na je, ya karɓe ni kamar yadda ake karɓar limamin wata unguwa, da girmamawa da wuri mai kyau a inuwa. Ko sau ɗaya bai zage ni ba. A nan na gane abin ya yi nisa. Na dawo na zauna na rubuta abin da zan faɗa masa. Da na karanta wa maiɗakina, ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wannan ban haƙuri ne ko gyaran jarrabawa?" Na duba, na ga gaskiyarta: sakin layi uku ne, biyu daga ciki suna nuna cewa ni ke da gaskiya. Na sa takardar a cikin ƙamus, na ce sai na gyara ta. Tana nan har yanzu, a wajen harafin da na bar ta.

A shekara ta biyu maiɗakina ta kwanta, kwana tara, Allah ya karɓi abarsa. Bagobiri yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Kwana uku yana zuwa zaman makoki, yana zama a can ƙarshen tabarma. Rana ta uku ya matso ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Mushe. Mace ta gari ta tahi." Idonsa ya yi ja. Na ce a raina mutuwa ta yi mini aikin da na kasa. Ƴaƴana suka koma garuruwansu. Ranar Juma'a na share tsakar gida, na hura gawayi, na wanke kofuna biyu. Zogale ya zo a jikin ƙusa.

Ban iya kwaɗo ba. Sai na riƙa miƙa wa matar maƙwabcina ƙunshin, ita kuma ta zubo mini kaɗan a kwano. Nakan ci a tsaye, don cin abinci a zaune mutum ɗaya yana da tsawo. Gidan ya yi girma. Na gano cewa agogon bango yana da ƙara, abin da ban sani ba shekara ashirin. Yara suna kira a salula ranar Lahadi, su tambayi hawan jini, in ce da sauƙi, su tambayi ko akwai kuran, wato lantarki, in ce yana zuwa yana tafiya, shi ke nan mun gama. Na sake karanta duk littattafan da ke gidan, har da waɗanda ban so ba tun farko. Wani lokaci in tsinci kaina ina gyara wa mai labarai a rediyo nahawu da ƙarfi, ba mai ji.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne wannan. Na san ƙarar motonsa, tsoho ne mai tari. Duk Litinin da Juma'a, tun kafin ya shigo layinmu, ina tsaye a bayan ƙofa, hannuna a kan sakata. Ina jin ya kashe injin. Ina jin takunsa, da motsin ganye, da kabar tana goga ƙusa. Tsakanina da shi kaurin ƙarfen ƙofa ne kawai. Nakan ce a raina, baƙo ne ke sallama, haka aka saba tun kakanni, in ya yi zan buɗe. Sai in ji ya tada moto. In jira ƙarar ta ɓace, sa'an nan in buɗe in ɗauki zogalena kamar wanda ya yi mamaki.

Daminar da ta wuce aka yi ruwa irin wanda ke sa tsofaffi su tuna da iyayensu. Katangu suka yi ta faɗuwa a unguwanni. Wata Litinin na tsaya a bayan ƙofa har rana ta take, ban ji moto ba. Na ce hanya ce ta ɓaci. Juma'a ma ƙusa ta wuni ba komai. Ba ni da lambarsa, don bai taɓa yarda da salula ba, ya ce ba ya magana da wanda ba ya ganin idonsa. Ranar Asabar da safe na sa hula na fita bakin titi.

Ɗan kabu-kabun da ya tsaya mini magidanci ne, da furfura a gemu. Muna kama hanyar Tibiri ya ce, "Mushe, ba ka gane ni ba ko? Ni ne ka ba ziro a tarihi, don na ce Gobirawa daga Tibiri suka gudu zuwa Alƙalawa."

Na ce, "Ai ka cancanta."

"Wallahi na cancanta. Amma ka ga yanzu kullum ina kai su ina dawo da su, ban ga wanda ya tambaye ni ta ina suka fara ba."

Da muka isa gidansu, zauren ya zama tudun laka. Azara ta fito daga ciki kamar haƙarƙari, ɗakin da na kwana a cikinsa ina saurayi babu ko alamarsa. Na tsaya ina kallon tudun. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu da ke shanya tsaba ta gane ni, ta ce, "Kwantar da ranka, Mushe, shina da rai. Kowa ya hita lahiya, shi ne ya koma ciki wai zai jawo ƙyaure, bango ya kama mai ƙahwa. An kai shi Jiratawa wurin matarsa, cikin amalanke. Ya ce ba ya hawa sai an shimfiɗa ƙyauren ya kwanta bisa." Na yi lissafin hanya. Amalanken nan ta ratsa Maraɗi, ta bi kwaltar da ke bayan gidana, ina ciki ina gyara wa rediyo nahawu.

Muka juya, muka sake ratsa gari, muka yi kudu. Jiratawa bayan ruwa kore ce har ido ya gaji. Ruwa na gudu a magudanan siminti, zogale a jere layi-layi, an aske kansa daidai ƙugu don ya yi sabon toho. Na same shi a gindin mangwaro, ƙafarsa a miƙe, maɗori ya ɗaure ta da karare. Ƙyauren yana kwance a gabansa a kan bulo biyu. Ya ɓamɓare tsohon ƙarfen ya jingine shi gefe, rubutun yana kallon sama, yau a miƙe.

Na yi sallama. Ya dube ni sama da ƙasa, ya amsa.

"Zogalen ne ya kawo ka?"

"Shi ne."

"Na sani. Bakatsine ba ya tashi sai ciki ya tashe shi, ko ruwa."

Shekara huɗu rabon da a zage ni. Na ji kamar an ba ni ruwan sanyi. Na zauna a ƙasa, na gyara murya, na fara abin da na daɗe ina haddacewa. Ban kai ƙarshen jimlar farko ba ya miƙo mini wani sabon falle na ƙarfe, wanda aka yanko daga akwatin da ake kawo moto a ciki. Ya ce, "Bari wanga. Karanta mini nan tukuna, kar a sake kai ni gaban mutane. Mi anka rubuta?"

Na gyara tabarau, na juya ƙarfen sama da ƙasa. Na ce, "Ban iya ba. Rubutun Sin ne."

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Riƙe nan."

Na danne ƙarfen a ƙasan ƙyauren, ya ɗauki guduma. Yana bugawa yana magana, ba ya kallona.

"Kana tsammani ban san tano ba ne? Ni na gangaro shi daga kasuwa da ƙahwata, ina ɗan shekara bakwai. Ni na riƙe ma baba ƙusa. Gara ta ci ƙasan, munka sa ƙarhe. Wanga katakon na tsakiya kakana ya sake shi. Na gehe kuma, an ce tun kahin a zo Tibiri anka sake. Mai yiwuwa babu ko tsinke guda a nan da ya ga Alƙalawa da idonsa."

Na ce, "To, in haka ne..."

"In haka ne mi? Garinku da ruwa ya ci, kunka kwashe kunka hau tudu, nuna mini bulo guda na tsohon gari a cikin Sabon Gari. Akwai? Amma in an tambaye ka, sai ka buɗe baki ka ce kai ɗan Maraɗi ne, garin kakanninka. Wa ya tashi cikin mutane ya nuna ka da yatsa?"

Shekara talatin ina kai yara bakin tudu, ban taɓa lura cewa sunan garin ya hau tudun tare da mutanen ba, kuma ba wanda ya nemi takardar shaida. Mahaifiyata ta bar awarwaronta a cikin ruwa, amma ba ta taɓa cewa ta bar Maraɗi ba.

Ya buga wata ƙusar. "Da ƙarya ka yi mini, da na zage ka mun wuce wurin. Alhazan nan suna da mota huɗu a ƙohwar gida. Ni ina da ƙyaure guda. Kai kuma na kawo ka ka zauna wajena."

Na ce, "Na yi kuskure, Bagobiri. Ka yafe mini." Iyakar abin da ya fito ke nan, ba sakin layi ko ɗaya.

"Matsa yatsanka, kar in haɗa da shi."

Da muka gama gefe ɗaya na tambaye shi dalilin zogalen. Ya ce zogalen na maiɗakina ne, ita ba ta yi masa komai ba. Na ce to bayan ta rasu fa? Ya ce moto ne ya saba tsayawa. Sai ya ajiye gudumar ya dube ni. "Ina jin ka, ai. Kana tari bayan ƙohwa kamar tsohon akuya. Ƙulli guda ya isa a rataye zogale, Mushe. Ni uku nike yi, in kwance, in sake."

"Ina jiran ka yi sallama."

"Ni kuma ina jiran mai gida ya buɗe. Ka ga aikin wawaye biyu."

Ƙafar ta ɗoru, amma ba ta koma ta hawa moto ba. Zauren Tibiri bai tashi ba har yanzu. Ƙyauren yana jikin ɗan ɗakin da suka yi a bakin lambu, ya fi ƙarfin ɗakin, kamar babbar riga a jikin yaro. Yanzu ni ke zuwa, ranar Litinin kawai, don bayana ba ya ɗaukar kabu-kabu sau biyu a mako. Matarsa tana yin kwaɗo. Yana zagin Katsinawa, ina ramawa. Sai dai akwai abin da bai dawo ba: bai ƙara ba da labarin ƙyauren a gabana ba. Na yi ta kewaye-kewaye, in tambayi kwana nawa ne daga Alƙalawa, in tambayi launin takarkarin. Sai ya ce, "Duba littahinka," ya miƙo mini shayi.

Kwanan baya wata ƴar kasuwa mai sarin zogale ta zo lambun. Tana jiran a ɗaure mata kaya, ta ga ƙyauren, ta ce, "Baba, wannan ƙofa kamar ta gidan sarki, daga ina?" Ya dube ni ta gefen ido, ya ce, "Tsohon katako ne, ɗiyata." Ya ci gaba da tsinke ganye.

Na ajiye kofina. Na ce mata, "Daga Alƙalawa ya zo, a bayan takarkari." Ban iya ba da labari ba, darasi na iya, amma na yi iyakar ƙoƙarina. Na kai ta rafi, na kai ta wajen haihuwa da wajen makara. Ban tashi tsaye ba, don gwiwa. Da na zo kan garkuwa na ce kibiya biyu ta same shi.

"Uku," in ji Bagobiri, bai ɗago kai ba. "Mutum ya yi shekara talatin shina koyar da tarihi, bai iya ƙirga rami ba."

Na karɓi gyara a gaban mutane, na ce uku ne. Bai ƙara komai ba, ni na ƙarasa labarin.

Na dawo gida da la'asar da ƙunshina a hannu. Layinmu shiru, maƙwabta sun tafi taron suna. Na rataye zogalen a jikin ƙusa don in laluba mabuɗi a aljihu, na buɗe, na shiga, na rufe. Sai da na cire hula na zauna na tuna na bar shi a waje. Na ɗan jima a zaune kafin in tashi in ɗauko.